Littafin da aka yanke wa hukunci kafin a karanta shi

A ƙarshen Disambar 2015 Ma'aikatar Ilimi ta Isra'ila ta ƙi amincewa a sa wani littafin ƙagaggen labari cikin manhajar adabi ta makarantun sakandare. Sunansa da Ibrananci Gader Haya, wato shinge mai rai, irin wanda ake yi da itatuwa masu tsiro kamar yadda ake kafa aduruku a bakin gona. Dorit Rabinyan ce ta rubuta shi, Bayahudiya 'yar asalin Iran, ya fito a 2014. Labarin Liat ne, 'yar Isra'ila mai aikin fassara, da Hilmi, Bafalasɗine Musulmi mai zane, waɗanda suka haɗu a birnin New York cikin tsananin hunturu, shaƙuwa ta shiga tsakaninsu.

Hujjar ma'aikatar ita ce tsoron kada matasa su ɗauki cuɗanya da wanda ba Bayahude ba abu mai sauƙi, har asalinsu ya narke. Ba a hana sayar da littafin ba. Sai ma jama'a suka yi dafifi a shagunan littattafai, ya hau sahun gaba a kasuwa. Manyan marubuta irin su Amos Oz da A.B. Yehoshua suka fito suka soki matakin, Naftali Bennett kuwa, ministan ilimi na lokacin, ya tsaya kan bakansa.

Abin da ya fi damuna a wannan dambarwa shi ne yadda masu karatu suka rabu gida biyu tun kafin su buɗe shafin farko. Wasu sun saye shi don nuna wa gwamnati ba ta isa ba, suna ɗaukarsa tutar zaman lafiya. Wasu sun la'anci marubuciyar a matsayin wadda ta sayar da mutanenta. A ganina duka ɓangarorin sun zalunci littafin, domin ba ya ba kowannensu abin da yake so.

Duba yadda labarin ya fara. Jami'an tsaron Amurka ne suka ƙwanƙwasa ƙofar Liat, bayan harin 11 ga Satumba, saboda wani ya gan ta da kamannin 'yan Gabas ta Tsakiya ya yi zargi. Bayahudiyar da ta yi aikin soja a ƙasarta, ga ta ana yi mata tambayoyin da aka saba yi wa Balarabe. Daga nan mai karatu zai gane cewa shingen ba ya tsayawa wuri ɗaya. Sannan ita Liat ɗin ce ke ɓoye Hilmi. Idan iyayenta suka kira ta a waya, sai ta so ya yi shiru kamar ba ya ɗakin. Tana ƙaunarsa, tana kuma jin tsoron a san da shi, kuma marubuciyar ba ta wanke ta daga wannan laifi ba. Suna gardama mai zafi kan ko Yahudawa da Falasɗinawa su zauna a ƙasa ɗaya ko a yi ƙasa biyu, babu wanda ya rinjayi ɗan'uwansa.

Ga wani abin lura ga mu Musulmi. A fiƙihunmu namiji Musulmi yana iya auren mace Ahlul Kitabi, ayar Suratul Ma'ida ta faɗi haka ƙarara. A wajen Yahudawa kuwa ta uwa ake gadon addini, kuma a cikin Isra'ila babu auren kotu, hukumomin addini ne ke ɗaura aure, don haka malaman Yahudawa ba za su ɗaura wa Bayahudiya aure da Musulmi ba sai ya sauya addini. Wanda ya san wannan zai fahimci nauyin da ke kan Liat ba tare da ya yarda da ita ba.

Na san akwai mai cewa, da jinin Gaza bai bushe ba, me ya kai mu karanta labarin soyayyar 'yar Isra'ila? Tambaya ce mai nauyi, ba na raina ta. Gaskiya ne kuma cewa muryar Liat ce kaɗai ke ba da labarin, Hilmi ta idonta muke ganinsa, kuma Bafalasɗine yana da haƙƙin jin haushin hakan. Amma wannan suka ce ta wanda ya karanta. Ita nake so in ji daga bakin masu karatunmu, maimakon tofin Allah tsine kan bangon littafi, domin mu ma mun ga yadda aka yi wa littattafan soyayya na Kano hukunci da jimla, mai kyau da maras kyau.

Rabinyan ba ta ƙago Hilmi daga iska ba. Ta san wani mai zane Bafalasɗine, Hasan Hourani, a New York, suka shaƙu. A 2003 ya nutse a tekun da ke gaɓar Jaffa a Isra'ila, tekun da Falasɗinawan Gaɓar Yamma da Kogin Jordan ba sa kaiwa gare shi sai da izini. Haka Hilmi ya mutu a littafin, kuma Liat ba ta wurin.