Awa uku da suka cinye shekara 23

Jiya da daddare na sake kallon Interstellar, karo na huɗu ke nan, kuma daidai inda hawaye suka zo mini a kallon farko, nan suka sake zuwa. Na ɗauka sabo zai rage masa ƙarfi, ashe ƙaruwa zai yi, domin lokacin da na fara ganinsa ban da 'ya, yanzu kuwa ina da ita.

Ga wanda bai gani ba, fim ne na Christopher Nolan da ya fito a 2014. Duniya ta kama hanyar mutuwa, ƙura ta turnuƙe ko'ina, cuta ta cinye amfanin gona har sai masara ta rage. Cooper, tsohon matuƙi da ya koma noma, shi NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta nema ya ja kumbo ya nemo wa ɗan Adam wata duniyar zama. Yara biyu zai bari, Tom da ƙanwarsa Murph mai shekara 10. Ya ba Murph agogo, ya riƙe nasa, ya ce idan ya dawo za su gwada su ga bambanci. Ta yi wurgi da agogon, ta ƙi yi masa sallama. Ya shiga mota ya ja, yana cikin tafiya sai ya miƙa hannu ya ɗaga bargon da ke gefensa, saboda ta taɓa ɓuya a ƙarƙashinsa ta bi shi. Wannan karon babu kowa. Ko kalma ɗaya ba a furta ba, amma duk wanda ya taɓa barin ɗansa yana fushi ya san abin da hannun nan yake nema.

Mutane da yawa suna yabon fim ɗin saboda kimiyyarsa, kuma ba su yi ƙarya ba. Kip Thorne, masanin da ya samu kyautar Nobel a 2017, shi ya tsaya a kan lissafin baƙin ramin da suka kira Gargantua, wato wani wuri a sararin samaniya da ƙarfin janyowarsa ya yi tsananin da ko haske ba ya iya kuɓuta. Maganar cewa lokaci yana tafiya a hankali inda ƙarfin janyowa ya yi tsanani, ba tatsuniya ba ce, Einstein ya kafa ta tun 1915. Ko taurarin ɗan Adam na GPS da wayoyinmu ke dogaro da su, agogonsu yakan yi gaba da namu da kusan kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa a kowace rana, sai an yi gyara. Abin da Nolan ya yi shi ne ya ɗauki wannan lissafi ya soka wa uba a ƙirji. A duniyar ruwan da suka fara sauka, wadda ke dab da Gargantua, awa ɗaya daidai take da shekara bakwai a gida. Kuskure ɗaya, igiyar ruwa mai tsayin dutse, suka ɓata ɗan abin da ya wuce awa uku. Da suka koma kumbo sai suka tarar da abokinsu da suka bari a ciki ya yi furfura. Shekara 23 sun wuce.

Sai Cooper ya zauna gaban allo ya kunna saƙonnin da suka taru. Nan ne wurin. Tom yana saurayi yana ba shi labarin makaranta. Tom ya samu budurwa. Tom ya ɗago jariri yana nuna masa jikansa, shi kuma yana ɗaga wa allo hannu yana dariya yana kuka. Saƙo na gaba, kakan su Tom ya rasu, jaririn ma ya rasu. Daga nan Tom ya ce ya haƙura, ba zai ƙara aikowa ba. Allo ya yi duhu. Can sai ga Murph, wadda ba ta taɓa aiko komai ba, ta zama cikakkiyar mace, ta ce yau shekarunta sun kai nasa na ranar da ya tafi. Kyamara ta kafe a kan fuskar Matthew McConaughey, wanda ya fito a matsayin Cooper, ta bar mu da shi. Babu dodo, babu maƙiyi. Mutum ne kawai yake kallon rayuwar 'ya'yansa tana wucewa cikin 'yan mintuna, ba shi da bakin amsawa.

Kiɗan ma daga nan ya samo asali. Nolan bai gaya wa Hans Zimmer, wanda ya tsara kiɗan, cewa fim ɗin sararin samaniya ba ne, shafi ɗaya ya ba shi a kan uba da ɗansa. Shi ya sa sautin ogan, babban abin kiɗan wani coci a Landan da aka yi amfani da shi a fim ɗin, yake fita kamar numfashin mai riƙe kuka.

Amma akwai abin da har yau ban yafe wa fim ɗin ba, wato Tom. Yaron nan shi ya yi ta magana da duhu shekara da shekaru, shi ya riƙe gona, shi ya binne ɗansa babu uba a kusa. Cooper ya dawo, ya samu Murph tsohuwa a gadon asibiti, jikoki sun kewaye ta, amma ko sau ɗaya ba mu ji ya tambayi Tom ba. Wannan ya yi mini ciwo, watakila don na san yaran da ba sa fushi, masu haƙuri, su aka fi saurin mantawa.

Aikina yana raba ni da gida makonni a jere. Da fim ɗin ya ƙare na ɗauki waya, na tarar da saƙonnin murya goma sha ɗaya na 'yata, waɗanda mahaifiyarta ta yi ta turo mini ina cewa sai na samu sarari. Na kunna su ɗaya bayan ɗaya. A na farko akwai wata kalma da harshenta bai iya juyawa ba, kullum sai ta karya ta mu yi ta dariya. A na ƙarshe ta faɗe ta daidai, tsaf, kuma ban san ranar da ta iya ba.