Cleveland Browns Sun Sayar Da Iri Sun Sayi Bashi

A watan Maris na 2025, Jimmy Haslam, mai ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Cleveland Browns, ya fito gaban 'yan jarida ya amsa abin da magoya bayansa suka daɗe suna faɗa: cinikin kwatabak Deshaun Watson bai yi ba, kuma sun jefa kansu cikin rami mai zurfi. Na ji daɗi da ya faɗi gaskiya, amma ina ganin har yanzu ba a taɓo inda ciwon yake ba. Ana ta magana kamar matsalar ita ce an sayi ɗan wasa bai taka rawar gani ba. Wannan kan faru da kowace ƙungiya. Abin da Cleveland ta yi ya fi haka muni, domin ta toshe wa kanta duk ƙofofin gyara a rana ɗaya.

Ga wanda bai saba da ƙwallon Amurka ba, kwatabak shi ne mai karɓar ƙwallo a farkon kowane hari, shi ke jefa ta, shi ke karanta shirin abokan gaba cikin daƙiƙa biyu ko uku. In babu nagari a wannan gurbi, to ko an tara zakaru a sauran wurare, aikin banza ne. A gasar NFL kuma ba a sayen 'yan wasa yadda Manchester City ko Real Madrid ke yi. Akwai iyakar abin da kowace ƙungiya za ta kashe a albashi, dala miliyan 208.2 a 2022. Sannan akwai zaɓen shekara-shekara, inda ƙungiyoyi 32 ke ɗaukar matasa daga jami'o'i bi da bi har zagaye bakwai, wadda ta fi shan kashi ita ke fara zaɓa. Tun 2011 aka ƙayyade albashin sababbin shiga, don haka yaron da aka ɗauka a zagayen farko zai yi wa ƙungiya aiki na shekara huɗu da araha. Wannan shi ne irin shuka. Da shi ake cike gurabe idan an kashe kuɗi mai yawa kan mutum ɗaya.

To a Maris na 2022 Cleveland ta ba Houston Texans, ƙungiyar Watson a lokacin, zaɓe shida don ta same shi, uku daga ciki na zagayen farko, na 2022 da 2023 da 2024. Sannan ta ba Watson kwantiragin shekara biyar kan dala miliyan 230, kuma ta lamunce masa kowane sisi, ko ya buga ko bai buga ba, ko da lafiya ko babu. Ba a taɓa lamunce wa ɗan wasa kuɗi mai yawan haka a tarihin gasar ba. Da farko ma Watson ya ce ba ya zuwa Cleveland, wannan lamunin ne ya juyo da shi. Kowa ya taɓa ciniki a kasuwa ya san cewa idan mai kaya ya gane ranka ya biya, farashi ya fita daga hannunka.

Kuma ba a ɓoye halin da mutumin ke ciki ba. Bai buga wasa ko ɗaya ba a 2021. Mata fiye da ashirin masu sana'ar tausa sun kai shi ƙara kan zargin cin zarafi. Ba a gurfanar da shi kan laifi ba a Texas, ya kuma sasanta yawancin ƙararrakin, amma hukumar gasar ta dakatar da shi wasa 11 tare da tarar dala miliyan 5. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda aka tsara kwantiragin: albashin shekarar farko an mayar da shi kusan dala miliyan ɗaya kacal, sauran aka ba shi a matsayin kuɗin sa hannu, ta yadda dakatarwar ba ta taɓa aljihunsa sosai ba. Matan da ke sayen tikiti a Cleveland sun ga wannan, kuma suna da dalilin jin an raina su.

A kaka uku, Watson ya buga wasa 19. Kafaɗa ta karye a 2023, agara ta tsinke a Oktoban 2024 a wasa da Cincinnati Bengals. Ba wanda ya taɓa shi, yana taka ƙafa ya zube. Aka ɗauke shi a ƙaramar mota yana hawaye, wasu 'yan kallo a filin gida suna sowa. Wannan sowa ba daidai ba ce, kuma abokin wasansa Myles Garrett ya yi gaskiya da ya tsawatar bayan wasan. Sai dai ta nuna yadda zuciyar gari ta ƙeƙashe. Agarar ta sake tsinkewa a Janairun 2025.

Wasan da ya fi bayyana asarar shi ne na Janairun 2024 a Houston. Cleveland ta kai matakin sili-ɗaya-ƙwale ba da Watson ba, da Joe Flacco, dattijo ɗan shekara 38 da aka ɗauko daga gida a tsakiyar kaka. Texans suka lallasa su 45 da 14. A ɓangaren Houston akwai ɗan wasan tsaro Will Anderson, wanda aka samo shi a 2023 ta hanyar musayar zaɓe na 12, na Cleveland ɗin nan. Ka sayar wa maƙwabci iri, ya shuka, ya girbe, sannan ya zo ya doke ka da karan.

Ga kuma Baker Mayfield, kwatabak ɗinsu kafin Watson. Shi ne suka ɗauka na ɗaya a 2018, shi ya ci musu Pittsburgh Steelers a Janairun 2021, nasararsu ta farko a wannan mataki tun kakar 1994. Ya buga 2021 da ciwon kafaɗa, bai yi kyau ba, aka sallama shi ga Carolina a kan zaɓen zagaye na biyar. Ba zan ce shi gwani na gwanaye ba ne. Amma ya je Tampa Bay ya farfaɗo, suka ba shi dala miliyan 100 na shekara uku, ƙasa da rabin abin da aka lamunce wa wanda ya gaje shi.

Masu kare shugaban gudanarwa Andrew Berry suna cewa kwatabak nagari ba ya zuwa kasuwa kullum, dole a yi kasada. Na yarda da rabin maganar. Kasada da kuɗi halal ce a wannan sana'a, kasada da zaɓe ma haka. Haɗa su biyun, kan mutumin da ya shekara bai taɓa ƙwallo ba, shi ne abin da ba shi da madafa. San Francisco ta yi asarar zaɓe uku na zagayen farko kan Trey Lance, amma albashinsa na sabon shiga ne, sai Brock Purdy, na 262 kuma na ƙarshe a 2022, ya rufa musu asiri har zuwa wasan ƙarshe. Cleveland kuwa kowace shekara sai ta sake fasalin kuɗin Watson, tana tura nauyin gaba, kamar mai cin bashi ya biya bashi.

Shi ya sa na goyi bayan abin da suka yi a zaɓen 2025, duk da ya ɓata wa mutane rai. Bayan sun ci wasa 3 sun sha kashi 14, suna da zaɓe na biyu. Suka bar wa Jacksonville ta ɗauki Travis Hunter, suka koma na biyar suka ɗauki Mason Graham, suka karɓi zaɓen zagayen farko na 2026. Sannan suka ɗauki kwatabak biyu masu araha, Dillon Gabriel a zagaye na uku da Shedeur Sanders a na biyar. Barin yaro irin Hunter ya wuce akwai zafi. Amma ƙungiyar da ta shekara uku ba ta zaɓa a zagayen farko ba, yawan hannu take buƙata kafin tauraro. Abin da nake roƙon Haslam shi ne kada ya sake tura wannan zaɓen kasuwa don wani babban suna, tunda kwantiragin Watson sai ƙarshen kakar 2026 zai ƙare, kuma ragowar kuɗinsa za ta ci gaba da cin kasafin ƙungiyar bayan nan.