Kafin Ka Ce "Wallahi Da Idona Na Gani"

Assalamu alaikum, 'yan'uwa.

A shekarar 1974, wasu masana biyu a Amurka, Elizabeth Loftus da John Palmer, sun nuna wa ɗalibai bidiyon hatsarin mota. Aka tambayi wasu gudun motocin lokacin da suka bugi juna, wasu kuma aka ce lokacin da suka ragargaji juna. Bayan mako guda aka sake kiransu: kun ga fasasshen gilashi? Cikin mutum 50 da aka tambaya da kalma mai zafi, 16 suka ce sun gani. A ɗaya rukunin, 7 ne kawai. Alhali kuwa babu fasasshen gilashi a bidiyon. Kuma ba ƙarya suka ƙulla ba, har ga Allah sun yarda sun gani.

Masana ƙwaƙwalwa suna bayanin cewa abin da ya wuce ba ya zama a kanmu ɗungurungum. Gutsattsari ne: abin da ido ya kama, abin da kunne ya ji, fargabar da aka shiga. Duk sanda ka tuna, sai ƙwaƙwalwa ta sake harhaɗa su, inda ta tarar da giɓi ta cike da abin da ka ji daga baya ko abin da ranka yake zato.

Ɗan'uwa, wannan ya kamata ya girgiza mu. Zumunci nawa ya tsinke a kan iyakar gona, kowa yana rantsuwa cewa a gabansa marigayi ya nuna dutsen? Amini nawa suka daina gaisawa a kan bashin da aka karɓa a rumfar kasuwa, wannan ya ce dubu hamsin, wancan ya ce arba'in, kuma babu maƙaryaci a cikinsu?

Wanda Ya halicci ƙwaƙwalwar Ya fi kowa saninta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, Baƙara 282, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu. A Isra'i 36 kuma Ya hana mu bin abin da ba mu da saninsa, domin ji da gani da zuciya duk abin tambaya ne.

Don haka ka rubuta, ko da ɗan'uwanka ne ciki ɗaya. Kunya ba ta biyan bashi. In an kira ka shaida, ka rabe abin da ka gani da abin da aka gaya maka. In ka yi shakka, ka ce "ban tabbatar ba", kada ka ɗora wallahi a kai.

Allah Ya tsare harsunanmu daga shaidar zur, Ya yafe mana abin da muka manta da wanda muka kuskure. Amin.