Girkin da rana ta faɗi a kansa

Mai gidan da nake haya a Ahmedabad, jihar Gujarat, mabiyin addinin Jain ne, kuma matarsa ba ta sauke tukunya ba ta aiko mini ba. Kunyar mayar da kwano wayam ta sa na gayyace shi cin abinci wata Lahadi cikin Disamba: shinkafa da wake, da miya, da mai da yaji. Na san ba sa cin nama da kifi da ƙwai, sai na ɗauka magana ta ƙare. Ya ce to, amma zai zo da wuri ya duba kayan.

Ƙarfe uku ya yi sallama, ya tarar albasa manya biyu suna soyuwa, ƙamshi har bakin titi. Ya ce, "Bhai, wannan tukunyar taka ce kai kaɗai." Na ce bari in tsame. Ya ce man ya riga ya sha albasa, sai an zubar an wanke tukunya. Tushen addininsu shi ne ahimsa, kada a cutar da mai rai komai ƙanƙantarsa. Duk abin da ke girma a ƙarƙashin ƙasa, tuge shi yana kashe shukar gaba ɗaya da halittun da ke manne da ita, kuma a aƙidarsu saiwa guda tana ɗauke da rayuka marasa adadi. Nan take dankali da karas da tafarnuwa da ɗanyar citta suka koma bakin taga. Busasshiyar citta da garin kurkum sun tsallake. Da na ɗauko man gyaɗa gabana na faɗuwa, ya ce yawancinsu suna cin gyaɗa, domin ƙwaya ce a cikin ɓawo. Na ce Alhamdu lillahi, an bar wa Bakano mutuncinsa.

Daddawar da na yo guzuri tun daga gida ba ta kai ga shari'a ba. Yana jin warinta ya tambayi kwana nawa ta yi a rufe, don abin da aka ruɓar ko ya yi tsami ba sa kusantarsa. Dunƙule, ya sa tabarau ya karanta bayan kwali, ya gano garin albasa. Yalo ya fita saboda yawan 'ya'ya da tsutsar da kan ɓuya a ciki. Yajin da Hajiyata ta daka da hannunta kuwa, tafarnuwa ta kayar da shi.

Wake ne ya cinye mana lokaci. Ina tsincewa ƙwari suka fito, na kai babban yatsa zan murƙushe kamar yadda kowa ya taso ya gani, dattijon nan ya riƙe mini hannu. Ɗaya bayan ɗaya ya kwashe su a kan takarda, ya sauka bene ya sauke su a gindin bishiya. Ban taɓa ganin ƙwaron wake da aka yi wa rakiya ba sai ranar. Ruwan girkin ma sai da muka tace shi da ƙyalle mai kauri.

Ga yadda miyar ta tsaya daga ƙarshe. Mai cokali uku, in ya yi zafi a zuba kumin, wasu ƙananan 'ya'yan kayan ƙamshi, rabin ƙaramin cokali, sai hing rubu'in ƙaramin cokali. Hing busasshen ƙaro ne mai wari da ke maye gurbin albasa da tafarnuwa, daƙiƙa kaɗan yake so a mai, in ya ƙone sai ɗaci. Sai markaɗaɗɗen tumatir shida, barkono, kurkum da gishiri. A madadin dankali, ɗanyar ayaba biyu, a dafa da ɓawonta minti goma zuwa sha biyu, a ɓare a yanka, in ta wuce haka damewa take. Shinkafa kofi biyu, wake kofi ɗaya. Mun ma ci sa'ar wata, don a watanni huɗu na damina masu tsanantawa ba sa cin ganye, balle kwana takwas na Paryushan, lokacinsu na azumi da neman gafara.

Na fito da kindirmo a sha a kai, ya ce ba a haɗa shi da wake sai an ɗumama shi. Zuma haramun ce, don ana cutar da ƙudan wajen ɗiba. Man shanu ɗanye babu, soyayye kuma bismillah.

Na shimfiɗa tabarma na zuba abinci, sai ladan ya kira magariba. Baƙona ya dubi agogo, ya haɗa tafin hannu, ya ce shi daga faɗuwar rana ko ruwa ba ya sha sai gari ya waye, saboda ƙananan ƙwari kan faɗa cikin abinci da dare ba a gani ba. Wato da azumi ne, lokacin da zan buɗe baki shi yake rufe nasa. Na ce in ajiye masa zuwa safe. Ya ce dafaffen abincin da ya kwana ba sa ci.

Dole na kira ɗaliban Sudan da ke saman bene. Na farkon ya jujjuya miyar da ludayi yana neman nama, na biyun ya ɗanɗana ya ce, "Ya akhi, ba ka da ko albasa?" Na nuna masa taga.