Kai ka tara jama'a, kai za a tambaya

Shekarata ta farko a Amurka na je wani babban kanti ranar Black Friday, ranar da ake karya farashi. Tun da asuba an kafa shingen ƙarfe, an raba mana katin lamba, ga wani ƙato a bakin ƙofa yana ƙirga masu shiga: sai goma sun fito, goma su shiga. Na ce a raina, kai, mutanen nan akwai tausayi. Ashe tsoron kotu ne.

A watan Nuwamba na 2008, mutum kusan 2,000 suka ɓalle ƙofar kantin Walmart na Valley Stream a jihar New York, suka tattake wani ma'aikacin wucin gadi ɗan shekara 34 har lahira. Cikin waɗanda suka jikkata har da mai juna biyu. Hukumar kare lafiyar ma'aikata, OSHA, ta ci kamfanin tarar dala 7,000 kacal, amma ya yi ta ja-in-ja har 2015 kafin ya haƙura. Da masu gabatar da ƙara na gundumar Nassau, inda kantin yake, kuwa, sai da ya yi sulhun kusan dala miliyan 2, ya kuma amince zai gyara yadda yake kula da cunkoso.

A nan mai kanti bai isa ya ce "ai su suka ture juna" ya wanke hannu ba. Alƙali zai duba ko ya kamata ya hango haɗarin. Kai ka yi talla, kai ka ce kayan 'yan kaɗan ne, kai ka sa lokacin buɗe ƙofa. To, kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Idan wanda ya ji ciwon ma ya yi ganganci, yawancin jihohi sukan rage masa diyya, kuma hakan ya yi mini daidai.

Mu a gida fa? Mutum ya karye a turmutsutsu, sai a ce ƙaddara ce, Allah ya kiyaye gaba, shi zai nemo kuɗin ɗori. Na yarda da ƙaddara, amma ai an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Ba na son mu kwaso son ƙarar Amurkawa, wani sa'in har abin ya yi yawa. Sai dai na faɗa wa yayana wannan magana a waya, ya yi dariya ya ce, "Kai dai ka daɗe ba ka zo gida ba."