Gajiyar mai jinyar tsohuwa ba rashin haƙuri ba ce

In mace mai kula da mahaifiyarta da ta ruɗe ta ce ta gaji, sai a hau ta da wa'azi, wai uwa ce fa, ki ji tsoron Allah. Wallahi ba ƙin uwarta take ba. Ciwon mantuwa ciwon ƙwaƙwalwa ne, galibi wata cuta da ake kira Alzheimer ke jawo shi, kuma gaba yake yi shekara da shekaru. Tsohuwa za ta ce ba a ba ta abinci ba alhali ga kwanon a gabanta, magariba na yi ta rikice wai gidansu za ta, tsakar dare ki farka ki ganta tana zare sakata, gobe kuma gaban baƙi ta ce ke kika sace mata kuɗi. Wanda ya yi wata da watanni ba barcin kirki dole ya riƙa saurin fushi, ga kuka ba dalili, wasu har ciwon damuwa ke kama su, wannan kam sai an ga likita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 70 cikin 100 na awannin jinyar nan mata ke yi. Ƴan'uwa masu turo kuɗin magani daga nesa, don Allah ku zo ku karɓe ta ko kwana biyu ne ta samu ta runtsa.