Koyon Zane Ya Jawo Mini Shan Rubutu

Wani abokina da ya karanta fannin zane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya na kai wa kuka. Na ce masa buƙatata ba ta da yawa: in zana akuya a allo, yaran ajina su daina tambaya ko tebur ne. Sai ya aiko mini da littattafai huɗu a motar haya har Argungu, ya ce in fara da na Betty Edwards, Drawing on the Right Side of the Brain, wanda ya fito a 1979.

Hujjar matar ita ce hannu ba shi da laifi, kallo ne ba mu iya ba. In ka zo zana ido, ƙwaƙwalwa sai ta miƙo maka idon da ta haddace tun kana firamare, ka bar na gabanka. Maganin da ta bayar shi ne ka juya hoto kai ƙasa ka kwafa, don ƙwaƙwalwa ta kasa gane ko mene ne, ta bar ka da layuka zalla. Hoton gwajin kuwa zanen da shahararren mai zane Picasso ya yi wa Stravinsky ne, wani mai tsara kiɗa, yana zaune a kujera.

Zafi ya kore ni daga ɗaki. Bayan la'asar na shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, na juya littafi, na duƙufa. Masu wucewa suka riƙa gajarta gaisuwa. Ga malamin makaranta, mai takardar NCE, ya riƙe littafi a juye yana zare ido yana cije leɓe. Kafin magariba labari ya isa kunnen Goggo.

"Mi ya same ka, ɗan nan? An ce karatu ya juye maka."

"Goggo, haka littafin ya ce a yi."

"Littafin da bakinai ya ce a juya shi? To, Allah shi kyauta."

Da dare sai ga yaro da kwanon rubutu. Na shanye, don ba a musu da Goggo. Da na juyo zanen daidai kuma, wallahi mutum ne sosai, har da tabarau da yatsu. Har yau ita da Betty Edwards kowa na da hujjar cewa aikinta ne.

Na biyu shi ne Keys to Drawing na Bert Dodson, 1985, kuma a ganina shi ya fi dacewa da mai farawa, don ba shi da dogon surutu a kan ƙwaƙwalwa, aiki yake ba ka kai tsaye. A ciki na koyi awo: ka miƙe hannu sosai da fensir, ka rufe ido ɗaya, ka sa babban yatsa ka kama tsawon abu, sannan ka gwada shi da faɗinsa. Na tafi kasuwa in jarraba a kan rumfunan masu kifi. Ina tsaye, ido ɗaya a rufe, ina auna rumfa ina rubutawa, sai mai ita ya taso jiki na rawa.

"Ranka ya daɗe, rumfar ga ba ta shiga hanya ba. Tun zamanin mahaifina take nan."

Kafin in buɗe baki ya naɗe mini tarwaɗa biyu a takarda. Da na yi masa bayani cewa ba daga ƙaramar hukuma nake ba, zane nake koyo, ya dube ni sama da ƙasa, ya karɓe kifinsa.

Perspective Made Easy na Ernest Norling, 1939, bai jawo mini fitina ba. Shi ke nuna dalilin da ya sa gefen titi biyu ke haɗuwa can nesa daidai tsayin idonka. Wanda ba ya son zana abu mai rai, gine-gine da zaure da kwalekwale yake so, wannan ya ishe shi.

Na ƙarshe na Andrew Loomis ne, Drawing the Head and Hands, 1956. Shi da ƙwallo yake fara kai: ka zana da'ira, ka yanke gefe da gefe, ka sauko da haɓa. Ido kuma a tsakiyar kai yake, ba can sama kusa da gashi ba inda duk muke liƙa shi. Na sayi fensir 2B, wanda ya fi HB laushi da baƙi, na roƙi Kawu ya zauna mini. Ya sa babbar riga da hular sallah, ya ƙame. Ya daure na ɗan lokaci, sannan ya leƙo ya tarar da da'ira da layi biyu.

"Wannan ai gorar masunta ce. Ni ina nike?"

"Kawu, kana ciki, yanzu za ka fito."

Ya fito ɗin, sai dai na manta da hula wurin awo, idanunsa suka faɗo kusa da gemu. Ya riƙe takardar ya daɗe yana dubawa, ya juya ta kai ƙasa ko za ta gyaru, sannan ya ninke ya sa aljihu. Ya ce in ya ji na nuna wa wani na ce shi ne, Goggo zai gaya wa ta ƙaro mini kwano.